Baffa Mai Gada

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baffa ta zo a watan Mayu, lokacin da ciyawa ta kai ƙugu a gonakin yamma da Lyon, lokacin da duk shekara ba a samunsa a gida da safe. Ciwon zuciya ne. Ya ɗan kwanta a asibiti, ya yi sallama da Tanti matarsa, ya cika da kalmar shahada. Baffa ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a hannunsa na zama mutum. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda mutuwa take a ƙasar nan: a yi mako ana buga waya, a yi wata ana tunawa, daga nan aiki da metiro su kwashe kowa.

Gidansa na unguwar La Guillotière a Lyon ɗaki biyu ne da falo, kuma matakalarsa ba ta taɓa ganin takalma irin na ranar jana'iza ba. 'Yan kasuwarmu na unguwa sun rufe shagunansu sun zo. Alhaji mai shagon turare ya zauna ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam Mai Gada. Mutum ne na gaske, aikin nasa ne dai har yau ban gane kansa ba." Ɗalibai 'yan Nijar suka tsaya jingine da bango, kowa na cewa shi Baffa ya tarbo a tashar jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan da 'yar rigarsa ta zafi. Turawan da suka yi aiki tare suka shigo da furanni, suka rasa inda za su ajiye, sai na karɓa na tsoma a bokiti. Akwai wani tsohon manomi Bafaranshe da ya cire takalminsa a ƙofa tun ba a ce masa ba, ya tsaya riƙe da hula, hawaye na bin gemunsa. Hajiyoyin La Courneuve da Clichy-sous-Bois kuwa sun sauko daga Paris da kuloli na tuwo da dambu, Allah Ya saka musu. Amma ɗayarsu ta kasa riƙe bakinta, ta ce, "Allah sarki, ko ƙwai bai ajiye ba." Tanti na zaune kusa da ita. Wallahi ba don darajar gawa ba da na gaya mata maganar da za ta kai ta Paris ba jirgi.

Bayan an dawo daga maƙabarta maza suka cika falo, mu mata muna madafa da ɗakin Tanti, ƙofa a buɗe. Liman ya yi addu'a, sannan ya roƙi abin da ake roƙa: duk wanda mamaci ya ɓata wa, da sani ko ba sani, ya yafe masa don Allah. Ya juya wajen Baba, mahaifina, tunda shi ne babba, ya ce, "Alhaji, daga kanka za a fara." Baba ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Liman ya jira, ya ƙara jira. Sai wani ya yi gyaran murya, jama'a suka rufe da "mun yafe, Allah Ya yafe mana," aka shafa. Amma kowa ya ji shirun nan. Ina tsaye bakin ƙofa da faranti na shayi, raina ya ɓaci. An binne ƙanensa ɗazu ɗazu, Baba bai ce ya yafe masa ba.

Kafin in faɗi mafarin wannan, bari in faɗi ko wane ne Baffa. Daga Maraɗi ya zo karatun ilimin dabbobi yana saurayi, da niyyar ya koma ya duba shanun gida. Sai wani malaminsa ya kai shi daji ya nuna masa 'yar dabbar da Faransawa ke kira chevreuil, shi ke nan ƙafarsa ta kafe. Baffa gadar Turawa yake ce mata, mu ma muka ɗauka. Girmanta bai wuce na akuya ba, ja ce da zafi, toka-toka da sanyi, da farin tabo a gindi wanda shi kaɗai kake gani idan ta ba ka baya. Rayuwarsa duka a kanta ta ƙare. Da hunturu su kafa raga su kama, su auna, su sa mata alama su saki. Da bazara ya bi sawu. Ya dawo gida da laka har gwiwa, Tanti ta tare shi a ƙofa ta ce, "Malam, ko kai ko takalman nan, ɗaya ne zai shigo."

Ba ya gajiya da labarinta. Ya ce ba ta kiwo kamar tunkiya, tsinka take, toho nan, ganyen ƙaya can, kamar amarya a gidan surukai. Ya ce inda ta saba nan take zama, ko an ba ta daji ɗaya ba ta barin 'yar kusurwarta, ya ƙara da cewa, "Ta fi mu hankali, mu da muka bar Maraɗi." Ran da na fara jin kukanta a daji na ƙanƙame hannunsa na ce kare ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce namijin ne ya gan mu yake haushi, yana gaya wa daji baƙi sun shigo.

Namijin yana zubar da ƙahonsa duk shekara idan ganye ya gama zuba, wani ya tsiro masa cikin sanyi. Baffa yakan tsinto su ya tara a kwanon sha a bakin taga. Wannan kwano ya jawo masa baƙi. Mutanenmu su zo gaisuwa, a yi ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina labarin gida, sai can a ƙasa-ƙasa a ce, "Malam, ko za a samu ɗan ƙahon nan? An ce a haɗa da shi." Baffa ya miƙa ya ce, "Ɗauki, amma ƙashi ne kawai, in da yana maganin wani abu da mai shi bai yar ba." Su karɓa dai su sa aljihu.

Abin da ya fi faɗa shi ne zancen ɗanta. Ya ce mu a gida muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan wannan a makonninsa na farko ko rarrafen ba ya yi, kwanciya ce dabararsa. Uwar takan haifi biyu, ta ajiye kowanne a wurinsa cikin doguwar ciyawa, ta ja gefe don kada warinta ya jawo musu dila. Ta zo ta shayar, ta sake janyewa. Shi kuwa ɗan ya lafe, ko za ka taka shi ba zai motsa ba. Mai wucewa ya gan shi ya ce maraya ne, alhali uwar na bayan wata bishiya tana kallo.

A nan Baba ya shigo labarin. Baba ɗan kasuwa ne a La Courneuve, mai aika kaya gida, mutum mai hannu sake, mai zuciya kuma. Wata shekara ina budurwa muka taho ziyara Lyon a mota, watan Mayu. A hanya Baba ya sauka daga babban titi ya nemi gefen wata gona don sallar la'asar. Yana sallame sallah sai ya ga ɗan gada a ciyawa, ɗigo-ɗigon fari a bayansa, ya lafe. Baba ya tuna gida, inda babban mutum ke ajiye barewa a tsakar gida yara su ba ta dusa. Ya tuna kuma ƙanensa ba shi da abin so kamar dabbar nan. Ya naɗe shi a hannun babbar riga ya ce, "Maraya ne, lada ce. Ga tsarabar Auta." Haka yake kiran Baffa. A cinyata ɗan ya yi sauran tafiyar, mun saya masa madarar shanu muna ɗiga masa da cokali, muna ta murna.

Mun tarar da falo cike, mutanen unguwa sun taru tarbar Baba. Baba ya buɗe riga a tsakiyarsu yana murmushi. Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. Ya tambaya a ina, Baba ya ce a hanya. Wace hanya, wane ƙauye, Baba ya ce ina zai sani, gona dai gona ce. Ga tafiya mai nisa a baya, babu mai iya gane wurin balle a mayar. Sai Baffa, wanda ko kaza bai taɓa ɗaga wa murya ba, ya ce da ƙarfi, "Yaya, ina hankalinka? Uwarsa na tsaye tana kallonka ka sace mata ɗa." Ƙane ya kira wansa ɓarawo, Alhaji guda, a gaban mutane.

Wannan kowa ya ji, kuma shi aka yi ta yawo da shi daga Lyon har Paris. Abin da ba a ji ba shi ne wanda Baba ya faɗa a bakin ƙofa yana sa takalmi, Baffa ya biyo shi, ni da Tanti muna tsaye a lungu. Baba ya ce a hankali, "Kai da ba ka taɓa haihuwa ba, kai za ka koya mini abin da uwa ka ji?" Tanti ta juya ta shiga ɗaki. Baffa ya ɗauki ɗan gadar ya kai wurin masu jinyar namun daji, amma madarar shanun ta riga ta ɓata masa ciki, bai yi kwanaki ba ya mutu. Mu kuwa a gidan Alhaji mai turare muka sauka, washegari muka juya Paris.

An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma su waɗannan saɓawar tasu ta ƙi warkewa. Ba su yi gaba ba, Allah Ya kiyaye. Ran Sallah Baffa ya kira, a yi barka da Sallah, ina iyali, lafiya lau, a ajiye waya. Zumunta a ƙafa take, ƙafar Baba kuwa ba ta sake taka matakalar nan ba sai ranar jana'iza.

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, Baba ya kira ni ya ce, "Uwata, Lyon za ki yi karatu, wurin Auta za ki zauna." Sunan mahaifiyarsu gare ni, shi ya sa su biyun ba sa kama sunana. Na ce Baba, jami'o'i cike da Paris. Ya ce ya gama magana. Na yi kuka har idona ya kumbura, domin a ganina cikin 'ya'yansa duka ni ya zaɓa ya jefar gidan mutumin da ba ya shiri da shi. Na shiga jirgi da wannan ƙullin a zuciya, kuma na daɗe ban kwance shi ba.

Baffa da Tanti suka riƙe ni riƙon da ba zan iya biya ba. Shekarata ta farko na faɗi jarrabawa, na kulle ɗaki na ce karatu ya ƙare. Baffa bai yi mini wa'azi ba. Ya ce in sa takalmi in raka shi daji, muka zauna a kan wani kututture. Ya ce gadar nan tana ɗaukar ciki ne a tsakiyar zafi, amma cikin ba ya girma, sai ya tsaya cak wata da watanni, har tsakiyar hunturu sannan ya motsa, don haihuwa ta faɗo daidai fitowar sabon toho. "Wanda ya duba a tsakani sai ya ce babu komai," in ji shi. "Wanda Ya koya mata jira bai manta da ke ba, Uwata." Na maimaita shekarar na wuce. Idan ya fara wannan labarin a gida Tanti takan tashi ta shiga madafa, kuma na san dalili, su ma sun yi nasu jiran bai zo ba.

A ƙarshen rayuwarsa abu biyu ke damunsa. Ɗaya, yanzu toho na fitowa da wuri saboda ɗumamar yanayi, ita kuwa gada ba ta matsar da lokacin haihuwarta ba, sai ta haihu bayan ganye mai laushi ya wuce, nono ya yi ƙaranci. Wannan ya ce ya fi ƙarfinsa. Na biyu injin yankan ciyawa, wanda ke bi ta kan 'ya'yan da suka lafe. Wannan ya ce bai fi ƙarfinsa ba. Duk Mayu sai ya bi shagunan La Guillotière da ɗakunan ɗalibai yana tara mutane. Bayan asuba a cika motoci a tafi gonar tsohon manomin nan, a jeru kafaɗa da kafaɗa a ratsa ciyawa kafin tarakta ta shiga. Ɗan gadar da aka samu, a sa safar hannu, a ɗebo ciyawa a ɗauke shi da ita, a kife shi da akwatin katako a inuwar shinge, in an gama yanka a sake shi uwar ta zo. Ko da matasa suka kawo ɗan jirgin nan mai hango ɗumin jiki daga sama, ya yaba, amma bai bar tafiyar ƙafa ba. Alhazai su yi ta mita suna cewa Malam ya mai da su 'yan farautar da ba a cin nama, shekara ta zagayo su sake zuwa.

Bayan sadakar uku manomin ya kira waya, yana ta ba da haƙuri. Ruwa na tafe, dole ya yanka ciyawa gobe, ya rasa wa zai gaya wa. Na shiga falo na faɗa. Wani ya ce ana zaman makoki a tafi neman ɗan gada, ina aka taɓa yi. Alhaji mai turare ya ce, "Da shina nan da ya fitar da mu. Mu tafi." Da asuba na sauko na samu Baba a gindin matakala, da babbar riga da takalmin fata na zuwa Juma'a.

Muka jeru muka ratsa gonar. Raɓa ta jiƙa Baba har gwiwa, rigar na jan ciyawa, bai tsaya ba sai da numfashi ya gagare shi. Ɗalibai suka samu 'ya'yan gada biyu a can ƙasa wajen rafi. Baba ya koma gefen shinge ya zauna a kan dutse, tarakta ta fara aiki. Na je na durƙusa kusa da shi.

Na ce, "Baba, ka gafarce ni, magana na cina. Liman ya roƙe ka gaban jama'a ka yi shiru. Mutumin nan yana kabari."

Yana kallon injin ya ce, "Uwata, in na ce na yafe gaban mutane, na shaida ke nan ya yi mini laifi. Mi ya yi mini? Gaskiya ya faɗa, da ƙarfi dai ya faɗe ta. Ni na faɗi abin da ba a faɗi. Kina wurin."

Na ce, "To me ya hana ka ba shi haƙuri duk shekarun nan?"

Ya ce, "Babban wa ba ya durƙusa ma ƙane, haka aka tashe mu. Na yi ta hanyar da na iya. Ban sani ba ko ya gane, ban kuwa tambaya ba, yanzu babu wanda zan tambaya."

Na ce akwai, tana gida tana takaba.

Da muka koma maza suka shiga falo shan shayi da jiƙaƙƙun wanduna. Baba ya wuce lungu, ya zauna a ƙasa bakin ƙofar Tanti, Alhaji guda a kan dandamali. Ya yi sallama, ya yi mata ya haƙuri, ta amsa daga ciki. Sannan ya ce, "Akwai maganar da na faɗa wurin ga, kin ji ta. Ki yafe mini. Nashi kuwa ya tafi da shi."

Tanti ta ce, "Yaya, nawa na yafe tun tuni. Nashi ma bai tafi da shi ba. Ranar da ka sa yarinyar nan a jirgi, muka ɗauko ta daga tasha, ta shige ɗaki tana kuka. Ya same ni a madafa ya ce, Yaya ya ba mu haƙuri. Ya ce duba wadda ya ba mu, mai sunan Inna, ba wata ba. Ya ce daga yau kada in ƙara tuna waccan maganar, shi ya goge ta."

Baba ya ce, "Haka ya ce?"

Ta ce, "Haka ya ce, Allah ne shaida."

Baba ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska yana kuka. Ni kuwa na jingina da bango. Shekara da shekaru ina ganin jefar da ni aka yi, ashe a cikin abin da Baba ya mallaka ni ce mafi tsada, shi ya sa ya bayar. Na ji kunya, na ji daɗi, na ji kewar Baffa irin wadda ban ji ba ko ranar da aka fita da shi.

Da ya natsu ya tashi ya shiga falo. Ya ce, "Liman ya tambaye ni rannan ban amsa ba. Ku shaida, Auta ba shi da haƙƙina ko na ƙwayar gero. Ni ke da nashi, an kuwa gaya mini ya yafe. Ku yi mana addu'a mu biyu." Aka ɗaga hannu.

Da yamma na haɗa jakata, domin a Paris nake aiki yanzu, jirgi ɗaya za mu shiga da Baba. Baba ya ga jakar a bakin ƙofa ya ce, "Ina za ki? Aiki ya jira. Zauna wurin uwarki har ta fita takaba." Na ɗauki jakar na mayar ɗakin Tanti.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa ƙasar baƙunta ta yi masa sanyi, Ya haɗa shi da wansa a gidan da ba a saɓawa.